Siginar Motar Hannu-Waje

Duk wanda ya saba bin titin kasuwar kayan gini ya san hannun kafin ya san mai shi. Dogon hannu ne da rana ta gasa har ya fi ɗan'uwansa duhu, kullum yana waje ta tagar wata tsohuwar akori-kura mai ɗauke da gilasai a jingine a bayanta. In hagu za a yi ya miƙe samɓal, in dama ce ya lanƙwashe ya kalli sama, in kuwa tsayawa ce ya yi ƙasa yana lilo. Saboda haka 'yan kasuwa suka laƙaba wa mai motar Hannu-Waje, har sunansa na yanka ya bi ruwa. A gida dai Baba ne.

Fitilun siginar bayan motar sun mutu tun ranar da wata tifa ta ba ta hannu ta baya, lokacin autarsa tana 'yar firamare. Baba ya sa aka toshe ramukan da gwangwani, ya ce an huta. Wai fitila maƙaryaciya ce, ƙwanta zai ƙone kana zaune a ciki ba ka sani ba, amma hannu ba ya ƙonewa. Makunnin siginar kuwa, ɗan siririn ƙarfen nan na jikin sitiyari, ya zama maratayin tawul ɗin share gumi. Abin da Baba yake tinƙaho da shi a duniya guda ɗaya ne: tun da ya fara dakon gilashi bai taɓa fasa ko na taga ba. Ka ba shi shayi ka zauna, sai ka ji wannan labarin ko ba ka tambaya ba.

Auta ce ta fara gani. Shagon ɗinkinta yana jikin gidan, ƙofarsa tana kallon lungu, kuma ko mai ciniki na tsaye tana awo, in ta ji kukan injin nan sai ta ɗaga kai. Ran nan ta ɗaga kai ta ga motar ta shawo kwana babu hannu. Ta ce ko mantuwa ce. Washegari ma haka. Daga nan ta sa ido, ta ga kofin shayi ya koma hannun dama, ta ga hannun hagu ya tare a aljihu, ta ga Mama tana ɓalla masa maɓallin riga da safe ba tare da ta ce uffan ba. Gidan nasu gida ne da ake sanin abu a haɗiye.

Ta tare shi yana goge madubin mota.

"Baba, miƙo min hannunka na hagu."

"Me za ki yi da shi? Riga za ki ɗinka masa?"

"Ka miƙo dai."

Ya ciro shi daga aljihu. Hannun ya taso har ƙirji, ya tsaya, yatsun a lanƙwashe kamar an jiƙa su an shanya. Ta ji tsoro irin wanda ba ta ji ba tun tana yarinya.

"Sanyi ne ya shige min kafaɗa," in ji shi. "Zai saki."

"Mu je asibiti."

"In na shiga can, maganar farko su ce na ajiye tuƙi. Kin taɓa ganin wanda ya je ya dawo da makullinsa? Ki yi min rai kar yayanki ya ji."

Ta yi masa alkawari. Asibitin ba nisa gare shi ba, kwana ɗaya ce a hannun dama in an wuce babbar mahaɗa, amma tun kafin wannan lalura Baba ya gwammace ya zagaye gari da ya bi ta ƙofarsa.

Abin ɓoye bai ɓoyu ba. Wata safiya Baba ya karya kwana babu hannu babu fitila, wani mai babur da ya saba jiran hannun ya zo ya rungumi bayan motar. Allah ya kiyaye, gwiwa ce kawai ta goge, amma kafin azahar labari ya isa ofishin Yaya, babban ɗan gidan. Da yamma sai ga shi, ko takalmi bai gama cirewa ba ya fara.

"Baba, girma ya zo, ka fara mantuwa, ba abin kunya ba ne. Amma motar da ba ta da sigina ba za ta sake hawa titi da sunan gidan nan ba. Yau gwiwa ce, gobe fa? Ƙarshen mako zan zo na karɓi makullin, akwai mai son sayen motar."

Baba ya zauna a kujerarsa da hannu a aljihu yana kallon bango. Auta ta so ta tsani Yaya a wannan lokacin, sai dai ta rasa ta inda za ta kama, don gaskiya yake faɗa, kuma ko rabin gaskiyar bai sani ba. Amma ita ta san wani abu da shi bai zauna ya gani ba. Shekarar da aka sauke injin motar har ta daɗe a gareji, Baba ya zauna a ƙofar gida ya rame, ya yi faɗa da kaji, ya yi faɗa da mai shara, ya daina ba da labarin gilashi. In aka karɓe makullin nan, mutumin da zai rage a kujerar ba Baba ba ne.

"To in an sa siginar fa?" ta ce.

Yaya ya yi dariya. "A ina za ki samo fitilar wannan motar? Kamfanin da ya ƙera ta ma ya manta da ita."

"Ni dai na tambaye ka. In an sa fa?"

"In an sa, na ga tana ƙiftawa da idona, sai mu sake magana."

Ta riƙe wannan kalmar gam. Kashegari ta rufe shago ta shiga layin masu kayan mota, rumfa bayan rumfa, tana nuna hoton bayan motar a waya. Wani ya ce ta dawo jibi, wani ya ce kakansa ne ya sayar da na ƙarshe, wani ya ciro mata fitilar da ta fi bayan motar faɗi ya rantse za ta shiga. Ta dawo ƙafa duk ƙura, ta zauna a keke ta ɗinka hannun riga a baibai, ta farke, ta sake ɗinkawa a baibai. Ta tashi ta fita ta zagaya motar. A nan idonta ya faɗa kan wasu ƙananan fitilu biyu farare a ƙarƙashin bamba, ɗaya a kowane gefe, waɗanda tifa ba ta samu ba. Na ribas ne, masu kamawa in mota za ta ja baya.

Da rana ta yi tsaka, Baba ya kwanta, ta zare makulli daga ƙusa. Mama tana tsakar gida tana tsince wake, ta gan ta sarai, ta mai da kai kan tire.

Tuƙi ba baƙonta ba ne. Baba ne ya koya mata a filin bayan kasuwa tun ƙafarta ba ta gama kai wa kuloci ba, kuma yadda yake yi haka ya koya mata. Tana isa kwanar farko hannunta ya fita ta taga da kansa. Da haka ta isa garejin Tartsatsi mai wayarin, wanda ya samo sunansa ranar da ya gwada batir da sifana ya rasa gira ɗaya.

Garejin rumfar kwano ce, wayoyi kala-kala sun zubo daga rufi, matattun batura a jere a gindin bango, ga wata rediyo da ba a kashe ta. Tartsatsi ya fito daga ƙarƙashin wata tasi yana share hannu a wando.

"A'a, Autar Hannu-Waje! Ina mai hannun?"

"Yana hutawa. Malam, fitilun ribas ɗin nan nake so ka mayar min sigina. Yau."

Ya durƙusa ya leƙa, ya ƙwanƙwasa ɗaya da farce. "Baban naki ya sani? Mutumin da ya ce min in na taɓa masa waya sai ya ɗaure ni da ita?"

"Masu duba motoci ne suka matsa masa," ta ce. Ƙaryar ta fito mata sumul har ta ji kunya.

"Zai yiwu. Amma ki ji da kyau. Waɗannan biyun waya ɗaya suke sha, daga wani ɗan makunni a jikin giya. Sai na yanke ta, na raba su, kowacce na jawo mata tata wayar daga gaba. In na yi haka kuwa, ribas ya tafi ke nan. Wanda ke bayanku ba zai san za ku ja baya ba sai ya ji ku a jikinsa. Kar garin neman gira a rasa ido."

"Kai da ka rasa girar ai ka ga ido na nan. Yanke."

Ya yi dariya har da tari, ya jawo kwali ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar.

Kafin ya shige ya nuna mata benci, amma ina. Ta zauna ta tashi, ta je bakin titi ta dawo, ta karanta duk rubutun da ke jikin batura. Daga ƙarƙashi sai ƙura ke zubowa da mitar Tartsatsi. Tsofaffin wayoyin siginar ɓeraye sun ci rabi, sauran sun zama gari, dole a ja sababbi tun daga gaba, a bi jikin ƙarfe ana ɗaurewa. Wayarta ta yi ƙara, Yaya ne, ta ƙi ɗauka. Ta sake yi, Mama ce.

"Ya tashi," in ji Mama. "Na ce masa wanki kika kai ta."

"Ya yarda?"

"Ya sa hula ya zauna a ƙofar gida. Ki dai yi sauri."

Ta leƙa ƙarƙashin motar. "Malam, saura me?"

"Saura ki daina tare min haske."

Can ya fito, ya canza fis, ya sa sabuwar filasha, wato 'yar kwalbar da ke sa fitila ƙiftawa. Fitilun gaba ashe lafiyarsu ƙalau, barci kawai suke yi shekara da shekaru. Ya ce ta koma baya ta tsaya ta zama idonsa, shi kuma ya shiga gaba, ya yar da tawul ɗin Baba a kujera.

"Hagu!" ya ƙwala.

"Duka biyun suna yi!"

Ya fito yana tsaki, ya sake shigewa ƙasa. Ashe akwai wata 'yar waya da ta haɗa su ta cikin bamba, laka ta binne ta. Ya datse ta da filaya, ya naɗe bakin da baƙin salatif, ya koma gaba.

"Hagu!"

"Dama ce take yi!"

"Ke dai ba ki san hagunki ba."

"Ni da nake ɗinka hannun riga? Dama ce!"

Ya zo ya gani da idonsa, ya dafe kai. Mutum in yana kwance rigingine a ƙarƙashin mota, ƙafa a waje, hagunsa da na motar sai su saɓa. Ya ce kar ta faɗa wa kowa, yana da iyali. Ya musanya wayoyin. Wannan karon da ya ce hagu, hagu ta amsa, da ya ce dama, dama ta amsa, a natse, ba gaggawa.

Saura launi, don farar fitila mai ƙiftawa ruɗa mutane za ta yi. Auta ta riga ta yi wannan tunanin. Ta ciro 'yar kwalbar fentin gilashi ruwan lemo da ta roƙo a shagon da Baba ke yi wa dako, ta kwance murafen da kanta, ta shafa musu ta ciki da auduga, ta riƙa hura musu iska da baki don su bushe. Da aka mayar aka kunna, sai ga sigina sosai, kai ka ce da ita aka haifi motar. Ta tsaya tana kallo tana dariya ita kaɗai, hawaye na neman zubo mata. A ranta ta gama da Yaya, ta gama da mai saye, ta gama da komai.

A hanyar gida sai da ta shiga lungunsu ta tuna ba ta kunna siginar ko sau ɗaya ba. Hannu ta yi ta fitarwa. Sabo turken wawa, ta ce, ta yi wa kanta dariya.

Baba yana tsaye a ƙofa, hula a goshi.

"Wankin ke nan? Na ga ta fi da datti."

"Baba, zo ka tsaya a nan baya. Don Allah. Ka tsaya kawai."

Ta bar injin a kunne, ta fito, ta tsaya a waje ta zura hannu ta taga ta taɓa makunnin. Fitilar ta fara ƙiftawa a jikin bangon lungu. Ta mayar ɗaya gefen. Yaran maƙwabta suka taru suna tafi. Ta rattaba masa bayani ba numfashi, yadda aka raba waya, yadda aka yi fenti, yadda yanzu ba sai ya fitar da hannu ba, Yaya kuma ba shi da ta cewa.

Baba ya daɗe yana kallon fitilar. Sannan ya tako a hankali ya zo tagar direba, ya leƙa ciki, ya daɗe a nan ma. Ta zaci zagi zai biyo baya.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. Ya shige gida.

Da safe akwai lodi, manyan gilasai na gaban wani sabon kanti. Auta ta ce zare ya ƙare mata, ya rage mata hanya. A shagon gilashi ta tsaya tana kallo ana jingina su a jikin katakon bayan motar, ana sa tsumma tsakani, Baba yana ba da umarni da baki, yana gwada igiya da hannun dama. Ma'aikatan suka ga sababbin fitilu suka yi ta tsiya, wai Hannu-Waje ya shiga zamani, saura ya sayi tabarau.

Suka hau titi. Rabon da ta zauna a gefensa yana tuƙi an daɗe, sai yanzu ta ga yadda yake yi. Hannun hagu yana ɗore a kan sitiyari kamar kayan da aka ajiye. Dama ce ke komai. In zai sa giya sai ya tokare sitiyarin da gwiwa da tsintsiyar hannun, ya yi wuf ya canza ya dawo. Gumi yana bin wuyansa tun rana ba ta yi zafi ba.

Kwanar farko ya shige ba sigina.

"Baba, ka manta."

"Ba kowa a baya."

Ta waiwaya. Akwai kowa. Ta gyara zama, ta sake gyarawa, ta kama bakin kujera.

Kafin babbar mahaɗa akwai inda za su tsallaka hagu su bi ta gajeriyar hanya, motoci na tahowa ta gaba, wata bas kuma ta manne musu a baya tana oda.

"Baba, yanzu. Kunna."

Sai ta kalli hannun. Yatsun suna ƙoƙari. Suna rawa a kan sitiyari, suna neman miƙewa su kai ga ɗan ƙarfen da bai fi tsawon ɗan yatsa ba tsakaninsu, sun kasa. A nan ne abin ya faɗo mata gaba ɗaya. Makunnin a hagu yake. Tun da aka ƙera motar a hagu yake, a ƙarƙashin tawul, kuma a gidansu babu wanda ya taɓa kunna shi yana zaune a kujerar direba, balle ya tuna. Tartsatsi da lafiyayyen hannu ya gwada, kuma ita ce ta ɓoye masa dalilin aikin. Ta yi yawon kasuwa, ta yanke waya, ta yi fenti, duk don ta hutar da hannun da aikin zai koma kansa.

Bas ta sake oda. Baba ya saki sitiyari da dama, ya zura hannun ta saman ɗayan ya bugi makunnin. Sitiyarin ya zame daga gwiwarsa. Motar ta yi hagu da kanta tun lokaci bai yi ba, tayar gaba ta hau dakalin gefen titi ta dira, Baba ya take birki, hancin motar ya tsaya dab da tulin bulo. Daga baya aka ji ƙas. Ƙara ɗaya, ba mai yawa ba.

Bas ta wuce, direbanta yana zagi. A cikin motar ba abin da ke motsi sai siginar, tana ta ƙyat, ƙyat, ƙyat, tana aikinta yadda ya kamata.

Baba ya sa ribas. Motar ta fara ja baya, sai ihu. Wani mai tura baro ne ke ratsawa ta bayansu, bai ga farar fitila ba don babu ita, da ƙyar ya janye ƙafarsa. Baba ya sake take birki, ya kashe injin, ya zauna.

"Baba, laifina ne," ta ce. "Ban duba ba. Wallahi ban duba ba. Zan koma wajen Tartsatsi ya mayar da makunnin dama, ya sa maɓalli a nan kusa da giya, abu ne mai sauƙi, yau ɗin nan…"

"Na gani tun jiya."

Ta juyo ta dube shi.

"Da na leƙa ta taga na gani. Na ga kuma yadda kike murna, na ce bari na gwada, ko Allah zai sa yatsun su ji kunyarki." Ya dubi hannun. "Ba su ji ba."

Ya buɗe ƙofa da dama ya sauka. Ta madubi ta gan shi ya ba mai baro haƙuri, sannan ya tsaya a gaban gilasan. Na waje ne ya tsage, layi ɗaya tun daga kusurwar sama har ƙasa. Ya bi layin da ɗan yatsa a hankali har ƙarshe. Ta ji kamar a ƙirjinta ake jan yatsan. Mutane sun fara taruwa, wani yana cewa ai Hannu-Waje ne, wani yana cewa haba, ba dai shi ba.

Ya dawo tagar direba.

"Matso nan. Motar ba ta da fitilar ribas, sai da mutum. Ki dube ni ta madubi, abin da na ce shi za ki yi."

Ta matsa kujerar da ɗuminsa bai bar ta ba, ta tayar da injin. A madubi ta ga ya tsaya a tsakiyar titi, tsoho da hula a goshi, hannun hagu a aljihu. Ya ɗaga na dama. Motocin da ke tahowa suka tsaya cak, har da wata tirela. Ya yafito ta, ta taho. Ya karkata tafin, ta karya sitiyari. Ya dunƙule, ta tsaya. Tayar ta sauko daga dakali ba tare da gilashi ko ɗaya ya yi motsi ba.

Ta ja birkin hannu ta fara matsawa don ta ba shi wurinsa. Sai ta ji ƙofar ɗaya gefen ta buɗe. Ya shigo ya zauna inda ta tashi, ya ɗauki tawul ɗinsa ya share wuya, ya ɗora shi a cinya.

"Me kike jira? Titin na ubanki ne?"

Ta ja motar. Ba ta iya kallonsa, don ta san in ta kalle shi kuka za ta yi, ga lodi a baya. Gajeriyar hanya ta riga ta wuce su, sai dai su bi ta babbar mahaɗa su miƙe. Tana jin sa yana kokawa da mariƙin tagar gefensa, wadda ta shekara ba a sauke ta ba. Ta yi ƙara, ta cije, ta sauka. Iska ta shigo.

Suka wuce mahaɗar. Kantin da ke jiran gilashi yana can gaba, miƙewa kawai za a yi. Kwanar asibiti tana matsowa ta dama, ita kuwa Auta ta kafe ido a gaba, ta ƙudura ba za ta ce komai ba, yau ta yi gyaran da ya ishe ta.

Sai ta ga inuwa ta gefen ido. Baba ya fitar da hannunsa na dama ta taga, fari-fari da shi, hannun da bai san rana ba, ya miƙe shi samɓal.

"Baba, gilasan mutane fa?"

"Wanda ya fashe ya riga ya fashe. Sauran za su jira." Bai janye hannun ba. "Ki kira yayanki ya same mu a can. Kuma ki kunna abin naki, kuɗi aka kashe."

Ta ɗaga makunnin da yatsa ɗaya. Fitilar ta kama ƙyat, ƙyat a bayansu. Wani direba da ke biye da su ya danna oda sau biyu irin ta gaisuwa, ya rage gudu ya ba su hanya. Ta sauke giya, ta juya sitiyari a hankali saboda gilasan, ta bi hannun.